Fasaƙwari: Saiwar da Ke Tsakanin Kayan Yaji da Magani

Fasaƙwari, wanda ake samun ɓawon saiwarsa a faifan masu kayan yaji tare da kimba da masoro da kanumfari, ɗaya ne daga cikin ire-iren itatuwa fiye da 200 da masana tsirrai suka tara a zuriya guda mai suna Zanthoxylum, sunan da Carl Linnaeus ya tabbatar a shekarar 1753 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin itace mai launin rawaya. Zuriyar dangin lemun tsami ce, shi ya sa idan aka ɗaga ganyen ga hasken rana ake ganin ɗige-ɗige masu ɗauke da mai mai ƙamshi, jikin itacen kuwa cike yake da ƙaya.

Duk wanda ya tauna saiwar zai ji raɗaɗi, sannan harshe da dasashi su yi sanyi kamar ba nasa ba, yawu ya yi ta tsattsafowa, wanda shi ne dalilin da Yarbawa ke yin asuwaki da ita, ake kuma neman ta idan ciwon haƙori ya tashi. Irin wannan mutuwar harshe ce ta ɗaukaka barkonon Sichuan a girkin ƙasar Sin, domin shi ma ɗan wannan zuriya ne.

Darajar saiwar ta ƙaru a 1971, lokacin da Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife da abokin bincikensa suka wallafa cewa ruwanta yana maido da jajayen ƙwayoyin jinin masu amosanin jini, waɗanda suka lanƙwashe kamar lauje, zuwa siffarsu ta asali a ɗakin gwaji. Daga baya masana a Burkina Faso suka haɗa ta da tumfafiya suka samar da maganin FACA, wanda ake ba masu cutar domin rage yawan tashinta, ko da yake ba ya kawar da ita, tunda gadonta ake yi.

Abin damuwa shi ne saiwa ake haƙa, itacen da aka tone wa saiwa kuma da wuya ya rayu. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, tana da hujjar dasa fasaƙwari a gonaki da kuma tantance ƙa'idar shansa tun kafin daji ya daina bayarwa.