Kalorin da Waya Ba Ta Gani Ba

Lissafin da ke cikin wayar ɗan Yayata babu kuskure a tarawa ko ɗebewa, amma jikinsa ya ƙi yarda da shi. Manhajar ƙirga kalori da ke ciki ta ce yana cin kalori 1,900 a rana, yana ƙona sama da 2,500. Da irin wannan giɓi ya kamata a ce wando ya fara yi masa yawa. Shi kuwa tun daga ƙaramar salla har damina ta kankama, teɓa sai abin da ta ƙaru. Kuma ba rago ba ne. Da an sallame sallar asuba yake ficewa sassarfa wajen filin wasa na Roumdé Adjia, inda garinmu Garwa ta karɓi wasannin kofin Afirka a Janairun 2022, kuma ko dabino ɗaya ya jefa baki sai ya shigar a waya.

"Kawu, anya jikina irin na mutane ne kuwa?" in ji shi.

Sikeli muka fara tuhuma. Ashe da ya dawo gudu yake hawa, jiki sharkaf da gumi. A bazarar Garwa, da zafi kan wuce maki 40, lita ɗaya ta zufa kilo ɗaya ce cif, kuma da an sha ruwa ta dawo. Shi ya sa yau ya ga ya ragu ya yi murna, gobe ya ga ya koma. Ya mayar da awo da sassafe, kafin ya ci komai. Lambar ta daina tsalle, ta tsaya cak, a sama.

Sai agogon hannunsa, mai ƙirga masa abin da ya ƙona. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. A bugun zuciya sun yi ƙoƙari, amma a kalori wadda ta fi duka kusantar gaskiya ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe kuwa da kashi 93. Muka zaftare rabin abin da agogon ya ba shi na gudu. Giɓin ya ragu, bai rufe ba.

Daga nan na fara zargin shi kansa yaron, ko da yake ban faɗa masa ba. Akwai wani sanannen bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1992, kan masu ƙiba da suka dage cewa kaɗan suke ci amma ba sa ramewa. Da aka auna su da kyau, sai aka tarar sun rage kashi 47 cikin ɗari na abin da suke ci a bayaninsu, ba kuma lalle da niyyar ƙarya ba. Don haka na zauna cin tuwon dare da su, ina satar kallonsa. Bai ɓoye komai ba. Abin da na gani dabam ne: su huɗu ne a kan kwano ɗaya, malmala shida, kowa na kai loma ba mai ƙirga ta wani. Da aka wanke hannu ya ɗauki waya ya shigar da malmala ɗaya. Na ce a ina ya samo ɗaya? Ya ce haka yake ji a cikinsa. A nawa idon ya kusa cinye biyu, don mai gudun asuba hannunsa ya fi na kowa sauri.

Na ɗauka an gama, amma ko da muka ninka tuwon, lissafi bai cike ba. Tuwon dawa ruwa ya fi yawa a cikinsa. Garin ne ke da kalori wajen 350 a giram 100, kuma ba gari mai yawa ke shiga malmala ɗaya ba.

Sai na ce ya nuna mini abin da yake sawa a madadin miya. Manhajar ba ta san miyar yakuwa ba, wadda Fulanin nan ke kira follere, ba ta san tafasa ba. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji kan rumbun bayanan ma'aikatar noma ta Amurka aka gina su, da abincin gwangwani mai lamba a jiki, da abin da masu amfani da su suka shigar da kansu. Ya lalubi mafi kusa ya zaɓa: wata miyar ganye ta Turawa, kalori 60 a kwano, wato ganye da ruwa da gishiri. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da jadawalin abincin Afirka ta Yamma na 2019, mai abinci sama da dubu ɗaya, kuma ya fi wannan nesa ba kusa ba. Amma shi ma bai san hannun Yayata ba.

Washegari na leƙa madafa, abin da maza irinmu ba mu cika yi ba, shi ya sa ma matsalar ta daɗe haka.

"Yaya, mai nawa kike zubawa a tukunyar nan?"

"Kai ma yau ka zama likita? Daidai yadda miya za ta yi kyau."

Da ƙyar ta yarda muka tare man a kofin awo kafin ya shiga tukunya. Kwatan lita. Man auduga ne, irin wanda kamfanin SODECOTON ke tacewa a nan Garwa da sunan Diamaor, amma da na gyaɗa ne ko manja ma duk ɗaya: kowane giram na mai kalori 9 ne, ninki biyu da ɗoriya na sitaci. Kwatan lita ya kai giram 230, wato kalori dubu biyu, tun ba a sa komai ba. Sai ta kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ludayi biyu shaƙe, don ita ke kashe tsamin yakuwa ta ɗaure miyar. Giram 100 nata ya doshi kalori 600. Da muka raba tukunyar kan masu ci, rabonsa ya kusa ninka abin da yake shigarwa sau takwas, kuma rana da dare yake ci. Wannan kaɗai ya haɗiye giɓin har da rara.

Ragowar ƙananan ɓarayi ne, nan da nan aka kama su. Shayin majalisa yana shigar da shi a matsayin shayi kawai, alhali mai shayi ba da cokali yake zuba sukari ba, kuma ƙaramin cokali ɗaya kalori 16 ne. Kunun gyaɗa na safe ya sa shi a jerin abin sha.

Ban ga laifin manhajar sosai ba. An yi ta ne don mutumin da ke cin nasa shi kaɗai a faranti, wanda ya dafa da kansa ko ya sayo a kwali. Kuma tana da wurin da za a shigar da kayan girki ɗaya bayan ɗaya, a faɗi yawan masu ci, ta raba. Nan ya koma. Ya sayo ƙaramin sikelin girki a babbar kasuwa, ya shigar da miyoyin gidan guda biyar da ake juyawa, aka kuma fara ɗebar masa nasa a kwano dabam, ƙannensa na yi masa tsiya wai ya zama baƙo a gidan ubansa. Kafin kaka sai da ya ƙara huda a bel.

Man dai Yaya ta ƙi ragewa. Ta ce ba za a ce miyar gidanta ta tsinke saboda waya ba. Shi mai son ramewa ya riƙa ɗiba daga ƙasan tukunya, ya bar wa yara saman.