Daga Ikko zuwa Tondibiya: zaman gida ma sai an koya

Tondibiya gari ne a bakin kogin Isa, yamma da Yamai, gaba da Gudel. Da Zabarmanci sunan na nufin baƙin dutse. Mutanen Yamai sun san shi da abu biyu: barikin da ake horar da sababbin sojoji, da garake na bakin ruwa. Cikin masu duƙe a garaken nan akwai waɗanda suka sha zaman manyan birane, Ankara ko Ikko ko Abijan, kana suka dawo.

Ba kowa ya dawo da son ransa ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su fita. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan shela a Najeriya. Ƴan Nijar dubbai suka hau manyan motoci da tabarma da buta. Daga baya rikicin Kodibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 suka koro wasu.

Waɗanda suka baro Ikko a 1983 su suka fi shan wuya, don masifa ta zo musu a jere. Wani ya taho da nairorinsa, ya ƙulle a akwati, yana jiran a huce ya koma. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ta sake launin takardun naira. Wanda bai samu hanyar canji ba, kuɗinsa suka zama takarda. Damanar shekarar kuma ba ta yi ba, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. A watan Yuni 1985 kogin Isa kansa ya daina gudu a Yamai. Cikin wannan hali ne Shugaba Seyni Kunce ya matsa wa jama'a su kama noman rani. Mutumin da jiya yake gadi ko dako ko tura ruwa a birni, yau ga shi da hauya a bakin kogi.

Abin da ya fara damun mai dawowa shi ne kuɗi. A Ikko in ka fita da safe, da yamma akwai abu a aljihu, ko kaɗan ne. Garka ba haka take ba. Salati sai ya yi wata guda da ƴan kwanaki, albasa kuwa wajen wata 4. Kullum ban ruwa safe da yamma, kuma kafin a ɗiba ciki ba ya jira. Nan ne da yawa suke karaya. Su sayar da rediyo, su sayar da agogo, su sake neman mota. Masu dabara sukan raba fili: gefe guda salati da yakuwa masu saurin kawo na cefane, gefe guda albasa da kabeji. Lissafi ma sai an sake shi, domin a kasuwa da dala ake ƙirga. In mai saye ta ce dala ashirin, tamma 100 take nufi. Wanda kansa ya saba da naira yakan yi asara kafin ya farga.

Sai maganar fili. Ƙasar bakin kogi tana da masu ita tun kaka da kakanni. Baƙo, ko ɗan gari da ya daɗe a waje, aro yake samu ko haya. Ba a samun aro da faɗin rai. Sai an je an gaida mai gari, an zauna da dattawa, an san mutum. Bahaushe kuma dole ya koyi Zabarmanci, ko da na gaisuwa da ciniki ne. Kogin ma yana da halinsa: yakan cika da ruwan damana wajen Agusta da Satumba, ya sake cika lokacin sanyi da ruwan da ya taho daga Gine. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun cinye garake da gidaje masu yawa a Yamai. Wanda bai tambayi ƴan gari inda ruwa yake tsayawa ba, shukarsa ta kogi ce.

Amma abin da ya fi nauyi ba a ganinsa da ido. A babban birni ba mai tambayar ina ka kwana. A nan kowa ya san abin da aka dafa a gidanka. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, duk sai an gan ka, in ba a gan ka ba a ce birni ya ɓata ka. Ga kunyar dawowa hannu wofi, alhali dangi sun zuba ido ga tsaraba. Wani yakan yi makonni a ɗaka don wannan kunya kaɗai. Gaskiya dangi ma suna da laifi a nan: wanda aka koro ba daga fatauci ya dawo ba.

Mata sukan riga maza sabawa. Wadda ta iya tuya a Ikko, kwana kaɗan ta kafa kasko a bakin hanya. Yara ne abin tausayi. An haife su can, bakinsu Yarbanci da Turancin kasuwa, ga lakwal da Faransanci. Da yawa ba su da takardar haihuwa, sai uba ya nemi shaidu ya je gaban alƙali a yi musu wadda za ta maye gurbinta, in ba haka ba ranar jarrabawa a bar yaro a waje.

Tondibiya kanta ta sake. Yamai ta miƙo har ta haɗiye ta, ana yanka gonaki ana sayarwa a yi gini. Mai dawowa yanzu yakan tarar da garkar da ubansa ya ara an kewaye ta da bulo.