Karatun kayan tarihi: me ɗan Fau zai samu a ciki?

A Fau, idan yaro ya ci jarrabawar Shahada Sudaniyya, iyaye likitanci ko injiniyanci suke hango masa. Wanda ya ce ilimin kayan tarihi zai karanta, wato athar kamar yadda ake faɗa a nan, tambayar da zai fara sha ita ce: "To tonon ƙasa zai ba ka abinci?"

Amsar tana kusa da gida. A wani tsohon mazauni kusa da Khashm al-Girba, masu bincike sun tono fasassun tukwane da ke ɗauke da shatin ƙaiƙayin dawa. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa kimanin shekara 5,000 da suka wuce mutanen wurin sun riga sun fara noman dawa, kuma yana cikin shaida mafi daɗewa da aka samu. Ashe dawar da ke ciyar da jihar Gadarif tana da dogon tarihi a gabashin Sudan, kuma daga katangar tukunya aka karanto shi.

Irin wannan karatu ake koyarwa a jami'o'in Khartoum, Shendi da Dongola. Ɗalibi zai koyi auna fili, zana taswira, tantance tukwane da ƙasusuwa, da rubuta kowane abu da lambarsa da hotonsa. Masu ɗauka cewa aikin duk tonon kaburbura ne su sani yawancinsa rubutu ne da adanawa. Wanda ya gama yakan nemi aiki a hukumar kayan tarihi da gidajen tarihi ta ƙasa, ko koyarwa, ko ya bi tawagogin bincike a wurare irin su Jabal Barkal da dalolin Meroe, waɗanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2003 da 2011.

Gaskiya guraben aikin ba su da yawa, albashin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya nuna tsadar wannan ilimi. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartoum, har UNESCO ta gargaɗi masu cinikin kayan tarihi a 2024. Abin da ba a rubuta ba, ko an gan shi a kasuwar Turai, da wace hujja za a ce namu ne?

Mu Hausawa akwai wani bashi a kanmu. Hanyar alhazai da ta kawo kakanninmu, da garin Mai Wurno da aka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, suna da tsofaffin masallatai, alluna da littattafan hannu da ke buƙatar mai adanawa. Wanda ya ji Hausa da Larabci, tsofaffi za su buɗe masa akwatin da ba za su buɗe wa baƙo ba. Idan ɗanku ya zaɓi wannan fanni, ku tambaye shi me yake so ya adana kafin ku hana shi.