Ko Kun Sani?

Sau 1,728 cikakken mabiyin ɗariƙar Hare Krishna ta addinin Hindu ke maimaita wuridi guda a kowace rana! Carbinsu ƙwaya 108 gare shi, kuma duk wanda ya karɓi ɗariƙar yakan yi alkawarin zagaye shi sau 16 kullum, aikin kusan awa biyu, galibi da asuba. Da icen tulsi, mai tsarki a wurinsu, aka fi sassaƙa ƙwayoyin. Ana jan carbin ne cikin 'yar jaka, manuniya a waje ta wata kafa, don ba a taɓa shi da ita. A aƙidarsu, yawan ambaton sunan Krishna, abin bautarsu, ke wanke zuciya har ta farka, kamar yadda Chaitanya, malamin Bengal haifaffen 1486, ya koyar.