Teburin Kallon Rana a Tashar Skylab

Skylab, tashar sararin samaniya ta farko da Amurka ta mallaka, ta tashi ranar 14 ga Mayu, 1973, ɗauke da na'urorin hangen nesa takwas masu duban rana. Iskar duniya tana tare mafi yawan hasken da ke nuna zafin rana da fashe-fashenta, shi ya sa aka kai su kusan kilomita 435 sama. Ɗaya daga cikinsu tana rufe fuskar rana da faifai, ta bar kambin hasken da ke kewaye da ita. Husufi ke nan na haɗi, irin wanda mutanen wasu sassan ƙasar Damagaram suka gani ranar 29 ga Maris, 2006, sai dai shi wannan ana samun sa kullum.

A lokacin aikin tashar, na'urorin suna waje, mai sarrafa su yana ciki, a gaban wani faffaɗan allo mai cike da maɓallai, da fuskokin talabijin biyu, da ɗan sanda da ake karkata na'urorin da shi. Tashar tana zagaye duniya cikin minti 93, kuma wani kaso na wannan lokaci tana cikin duhu, don haka aikin na gaggawa ne. Umarnin kowace rana yakan zo a rubuce daga cibiyar kula da tashar da ke Houston.

Inda injiniyoyi suka fi koyon darasi shi ne jikin mutum. Sun tanadi kujera, domin a doron ƙasa mai dogon aiki zama yake yi. Amma inda babu nauyi jiki yakan ɗauki siffarsa: baya ya ɗan ranƙwafa, gwiwoyi su ɗan lanƙwashe, hannuwa su tashi gaba. Zama a can sai an tilasta wa tsokar ciki, sai gajiya ta biyo baya. Ƴan sama jannati sun gwammace tsayuwa, suna maƙala takalmansu a ramukan daɓe masu kusurwa uku, jiki ya samu damar kaiwa kowane gefen allo. Daga hotunan ma'aikatan Skylab ne hukumar NASA ta auna wannan siffa, ta shigar da ita cikin ƙa'idojin ƙera wuraren aiki da suka biyo baya.

Sanya mutum a gaban allon ya biya wahalarsa. Edward Gibson, masanin rana da ke cikin ayarin ƴan sama jannati na uku wanda ya yi kwana 84 a tashar, ya daɗe yana gadin wani wuri mai haske a fuskar rana, har ranar 21 ga Janairu, 1974, ya kama fashewa tun daga tsirowarta.

Yawancin hotunan a kan fim ake ɗaukarsu, sai an fita waje cikin rigar sama an ciro shi da hannu. Ayari uku sun dawo da hotuna fiye da 150,000.