Hoto Ya Fito Tangaran, Kurma Na Jiran Rubutu

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, kallo ya daina zama na 'yan birni. Da an kai gero da dawa rumbu, gidajen kallo sai su cika da dare, matasa kuma su yi layi wurin masu tura fim a loda musu waya. Hoto ya gyaru, har zufar goshin ɗan wasa kana gani. Amma kurma bai ƙaru da komai ba. Yana ganin bakin jami'in lafiya na motsi, bai san ko ranar rigakafi ake faɗa ba.

Kuma kurame ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke da lalurar ji mai buƙatar kulawa. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da aka bari ya daɗe sun toshe kunnuwa da yawa, kuma wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano ya san abin da ta bari. Ga tsofaffin da jinsu ya ja baya, ga kuma mai lafiyayyen kunne da ƙarar janareto ta hana shi jin komai.

Abin da zai taimake su shi ne rubutun ƙasan allo, kuma iri biyu ne. Akwai wanda aka manne a jikin hoto, ba ya gogewa, irin Turancin da muke gani a finafinan Kannywood da wasannin Arewa24. Akwai kuma wanda ke tafiya daban, mai kallo ya kunna ko ya kashe da rimot. Wannan na biyun ya fara aiki a talabijin ɗin Amurka a 1980, an ɓoye shi a layi na 21 na siginar hoto, sai mai akwati na musamman ke ganinsa. A 1990 aka yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera talabijin mai inci 13 zuwa sama su saka na'urar a ciki. Da aka koma hoto mai inganci na HD, sai tashoshi suka riƙa sayen injinan dubban daloli don cusa rubutun cikin sigina. Daga nan aikin ya yi sunan tsada.

Yau lissafin ya canja. Najeriya ta bi tsarin DVB-T2 wajen komawa dijital, aka fara a Jos a 2016, aka zo Kano a 2021. A wannan tsari rubutu na da tasa hanyar a gefen hoto da sauti, dikoda ce ke ɗora shi a allo. Wani abin da ya kamata mu yi murna da shi: rubutun DVB yana tafiya ne a matsayin ɗan ƙaramin zane, don haka ƙ da ɗ da ɓ za su fito da lanƙwasarsu, har ajami ma zai iya fitowa. Tsohon tsarin Amurka ba shi da waɗannan haruffa ko kaɗan.

Shi kuwa shirya rubutun, kwamfuta ɗaya ta isa. Manhajoji irin su Subtitle Edit da Aegisub kyauta suke. Mutum zai saurari magana, ya rubuta, ya sa lokacin da kowace jimla za ta fito da lokacin da za ta ɓace. Abin da zai samu ɗan fayil ne da ake kira SRT, wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma YouTube da Facebook duka suna karɓarsa. Gwanintar tana wurin taƙaitawa: layi biyu, kowanne bai wuce haruffa 40 da 'yan kai ba, a bar shi ya daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. A kuma nuna wa ke magana, a rubuta idan an ƙwanƙwasa ƙofa ko an yi kiran salla, domin wani lokaci labarin yana cikin sautin. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu suna ƙoƙari, amma Hausarsu sai mutum ya bi ya gyara.

Abin da ke damuna shi ne, furodusa na biyan mai fassara ya sa Turanci saboda mai kallo a Legas, alhali maƙwabcinsa kurma Bahaushe ne. Wanda ya riga ya sa lokutan rubutun Turanci ya yi rabin aikin na Hausa. Labarai ma haka: mai gabatarwa a ARTV ko NTA Kano daga rubutu yake karantawa, kuma wannan rubutun ana iya aika shi allo.

Rubutu ba zai maye gurbin maganar hannu ba. Kurame da yawa a karkara ba su samu zuwa makarantar masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano ba, da hannu suke zance, kuma mai fassara a gefen allo haƙƙinsu ne. Sai dai wanda ya yi karatu, da wanda jinsa ya tafi bayan ya girma, rubutu suke jira. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Idan tashoshin Kano za su fara, su fara da sanarwar rigakafi, da gargaɗin ambaliya, da shirye-shiryen noma, su kuma ɗauki ɗaliban da suka gama Tudun Maliki su riƙa duba rubutun kafin a watsa.