Aure da Gado a Ƙagaggun Labaran Ingila: Misali daga Jane Austen

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaran Ingila na ƙarni na 19 zai tarar da yawa daga cikinsu da aure suke ƙarewa. Mai karatu yana iya ɗaukar wannan zancen soyayya ne kurum, alhali kuwa dokar dukiya ce tushen al'amarin. Littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice, wanda aka buga a 1813, ya isa misali.

A cikin labarin, Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar, ba namiji ko ɗaya. Gandunsa na Longbourn yana kawo masa fam 2,000 a shekara, amma an gindaya sharaɗin cewa namiji kaɗai ne zai gaje shi. Watau ranar da ya rasu, gida da gona za su koma hannun wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, malamin coci. Bahaushen da ya saba da rabon gado na Musulunci, inda 'ya mace take da kasonta, sai ya riƙe wannan bambanci kafin ya gane dalilin da ya sa uwar 'yan matan ta rasa sukuni wajen nema musu mazaje.

Bugu da ƙari, dokar Ingila ta wancan zamani ta mayar da miji da mata mutum guda, mijin kuwa shi ne mai iko. Kuɗin da mace ta shigo da su sukan zama nasa, sai fa in an yi yarjejeniya ta musamman kafin ɗaurin aure. Sai a 1870 majalisa ta ba matar aure ikon mallakar abin da ta samu da guminta, aka faɗaɗa dokar a 1882. Saki kuwa, kafin 1857, sai majalisa ta yi doka musamman a kansa.

A wannan hali ne Austen ta jera mata biyu. Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta amince da Collins ba don tana sonsa ba, sai don ta sami rufin asiri. Elizabeth Bennet kuwa ta ƙi shi, ta kuma ƙi Mista Darcy a karon farko, duk da fam 10,000 da yake samu a shekara. Talauci na gaske ta tunkara da wannan ƙi, shi ne ma'aunin jaruntakarta.

Sai dai daga ƙarshe Elizabeth ta auri Darcy, sharaɗin gadon Longbourn kuwa yana nan daram. Austen ta kuɓutar da tauraruwarta, ta bar Charlotte a gidan Collins domin mai karatu ya ga inda akasarin mata suka ƙare.